Ku Tambayi Malam: Gani Ka Yi, Ji Ka Yi, Ko Zato?

Assalamu alaikum. Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta gabata na ce falsafa da ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa a kwalejin ilimi, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan wannan maganar. Na tsamo biyar daga ciki. Masu tambaya a kan canjin kwas da neman gurbin karatu su yi mini haƙuri sai wata mai kamawa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a kwalejin ilimi, lissafi nake karantawa. An ɗora mana darasin falsafar ilimi da na halayyar ɗan Adam dole, kuma tsakani da Allah hadda kawai muke yi, mu juye a takardar jarrabawa, mu manta. Me ya kai mutum irinka, da ka ce ɗan malamai ne kai, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan waɗannan darussa? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: 'Yata, na gode da ba ki yi mini kara ba. Amsarki tana wurin mutum biyu, wani dattijo da wani yaro, kuma cikinsu babu wanda ya taɓa jin sunan darussan nan.

Dattijon mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Malamin zaure ne a wani gari na ƙasar Katsina. Bayan asuba yana ba da karatun Ahalari da Ishmawi da Iziyya, manyan ɗalibai kuma Risala. Da hantsi sai ya ɗauki allura da zare ya hau ɗinkin hula, don da ita muke ci. Ina ɗan shekara tara ko goma, wata rana wani mai shago a unguwarmu ya jawo wani almajiri da wuyan riga har cikin zaure, jama'a na biye da su, wai ya kwashe masa kuɗin ciniki a gwangwani. Kafin su iso har an fasa wa yaron leɓe. Baba ko hular da ke hannunsa bai ajiye ba. Ya ce, “Alhaji, zauna tukuna. Gani ka yi, ji ka yi, ko zato ka yi?”

Mai shago ya ce ai kowa ya san halin yaran nan.

“Ba halin yara na tambaye ka ba. Ka ga hannunsa a cikin gwangwanin?”

A'a.

“Wani ya gani ya faɗa maka?”

A'a, amma shi ne na ƙarshen tsayawa a bakin shagon.

“To, tsayuwa ka gani. Satar kuwa zato ka yi.”

Ya janyo masa ayar Suratul Hujurati da ta ce a nisanci yawan zato, ya sa aka saki yaron, ya ce a kawo ruwa ya wanke bakinsa. Kada ki jira in ce washegari an tsinci kuɗin a ƙarƙashin buhu. Ba a taɓa ganinsu ba, mai yiwuwa ma yaron ne ya ɗauka. Baba bai ce bai ɗauka ba. Cewa ya yi mai shago bai sani ba, kuma ba a fasa bakin ɗan mutane a kan abin da ba a sani ba. Na daɗe kafin in gane tazarar da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu.

A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, mai unguwa ya zo ya rubuta sunana, ina da shekara takwas. Daga firamare na wuce kwalejin horon malamai, na yi shekara biyar, na fito da takardar malanta mai daraja ta biyu a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina. Aka tura ni wani ƙauye, aka damƙa mini aji uku, yara sun haura sittin, ni kuwa ban cika ashirin ba. Abin da na riƙe kawai shi ne alli da tsumagiya, da jin kaina.

A ajin akwai wani yaro dogo, wanda saboda tsawonsa na kai shi layin baya. Ba ya kwafar abin da na rubuta a allo. In ma ya kwafa, to daga littafin na kusa da shi ne, kullum wuyansa a karkace. Amma in lissafin ka ne, kafin in rufe baki ya ba da amsa. Wannan ya ƙara tunzura ni, na ce ashe ba daƙiƙanci ba ne, tsabar lalaci ne da raini. Zango biyu cur ina dukan yaron nan. Na sa masa suna malalaci, 'yan aji suka kama, har a wajen tallan gyaɗa da shi ake kiransa.

Da damina ta faɗi, iska ta yaye kwanon ajinmu, muka koma gindin wata darbejiya. Na jingina ƙaramin allo a jikin bishiyar, yara suka yi dafifi a gabansa, babu sauran layin gaba da na baya. Shi kuma ya samu wuri dab da allon. Da na zagaya duba littattafai, sai na tarar ya kwafe komai tsaf, rubutu kamar na ɗab'i, kuma ya riga kowa gamawa. Gabana ya faɗi. Da aka tashi na tsayar da shi, na rubuta harafi ɗaya a allo, na ce ya riƙa ja da baya yana karantawa. Taku na biyar ko na shida ya fara ƙanƙance ido. Na ce me ka gani? Ya ce, “Malam, hazo nake gani.” Na ce tun yaushe? Ya ce ai shi ya ɗauka kowa haka yake gani.

Na je har gida na samu mahaifinsa na ce a kai shi asibiti a gwada masa tabarau. Ya yi mini godiya, ya ce tabarau ai na tsofaffi ne da manyan 'yan boko. Na dawo da shi layin gaba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, makarantar ta fita daga ransa. Da kaka ta yi aka haɗa shi da yayyensa suka tafi ci-rani, bai sake dawowa aji ba.

Ki duba fa, ni ne ɗan mutumin da ya titsiye mai shago. A gabana aka yi. Amma da aka ba ni iko a kan yara sittin, abin da na gani shi ne littafi babu rubutu, lalacin kuwa zato na yi, na kuma hukunta a kansa har wata shida.

Da na tafi karatun NCE, a ajin halayyar ɗan Adam na tarar ashe cutar tawa sananniya ce. Wani masani a Amurka, Lee Ross, ya raɗa mata suna a 1977, suna da za a iya fassarawa da babban kuskuren jingina dalili. Abin da ake nufi shi ne, in wani ya yi abu sai mu ɗora a kan halinsa, mu manta da yanayin da yake ciki, amma in mu muka yi sai mu tuna da yanayi. In kin makara aji, cunkoson hanya ne. In ƙawarki ta makara, ai dama ita ba ta da tsari. Bahaushe ya riga ya faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bambancin kawai, su can sun shiga ɗakin gwaji sun auna abin, sun ga har mutanen kirki ma yana kama su, ba sai azzalumai ba. A ajin falsafa kuma na tarar tambayar Baba ita ce ƙofar wani babban reshe guda, wanda aikinsa binciken mene ne sani, ta wace hanya ake samunsa, kuma ina ya rabu da zato. Tun daga ranar ban ƙara kallon darussan nan a matsayin kayan Turawa ba.

Shi ya sa har gobe, ranar farko da sababbin ɗalibai, ba na fara da ma'anar falsafa. Karin magana biyu nake rubutawa a allo: “Hali zanen dutse” da “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Sai in ce wanne ne gaskiya? Su ce duka biyun, ai maganar magabata ce. In ce to in hali zanen dutse ne, me kuka zo yi kwalejin horar da malamai, wa za ku canza? In kuwa ana tanƙwara shi, me ya sa 'ya'yan gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tarbiyya ɗaya, suke fitowa daban? Nan aji zai kaure. Wani ya ce hali daban, ɗabi'a daban. Wata ta ce a fara faɗa mana me ake nufi da hali. Da na ji haka sai in koma gefe in zauna, don sun riga sun shiga falsafa ba su sani ba.

Haddar da kuke yi kuwa, rabin laifin namu ne. Malamin da zai buga 'yan takardu ya sayar, ya ce daga nan jarrabawa za ta fito, shi ya koya muku juyewa da mantawa. Amma ga abu biyu ki gwada da kanki. In kina da ƙane ɗan shekara huɗu ko biyar, zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, ya yarda daidai suke. A gabansa ki juye ɗaya a siririn kofi dogo, ki ce wanne ya fi yawa? Galibi dogon zai nuna. Ɗan shekara takwas kuwa dariya zai yi miki. Wannan gwajin Jean Piaget ne, masanin ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, kuma malamar lissafin da ta gan shi da idonta ba za ta daki ƙaramin yaro don ya kasa gane abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba tukuna. Na biyu, tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma bita a rarrabe cikin kwanaki ta fi kwana guda ana tuƙa. Gardawan tsangaya da ke tashi tilawa kullum ba su san sunansa ba, amma da dokarsa suke aiki. Ku ne 'yan boko kuke jira sai daren jarrabawa.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, zai zauna jarrabawar bak ta kammala ta bana. Tun da suka fara darasin filo, wato falsafa, ya zama mai gardama. Rannan har cewa ya yi wai wani Dekart ya ce a yi shakkar komai. Na taso ina jin malamai na cewa falsafa hanyar kafirci ce. In hana shi, ko in zuba ido? Daga wani uba, Damagaram.

AMSA: Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Hana shi dai ba zai yiwu ba, tun da a tsarin karatunku na Nijar darasin yana cikin jarrabawar. Kuma ba zan yaudare ka ba, a manhajar zai gamu da mutane irin su Maks da Niche da Sartar, waɗanda ba su yarda da Allah ba, kuma ba wawaye ba ne wajen iya magana. Tsoronka yana da tushe.

Sai dai maganar “malamai sun ce” tana bukatar a tambaya: waɗanne malamai, kuma wane ɓangare na falsafa? Littafin Ahalari da ni da kai muka fara koyon tsarki da salla a cikinsa, mai shi, Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya wallafa Sullam, waƙen mantiƙi da ake karantawa a zaurukanmu, kuma ya faɗa a ciki cewa yana ɗan shekara 21 ya yi shi. Mantiƙi kuwa ilimin auna hujja ne, asalinsa daga Aristotil na Girka. A cikin waƙen ya kawo saɓanin da kansa: Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halascinsa ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Shehu Maghili, wanda ya bi ta ƙasar Azbin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan, Suyuɗi na hanawa, shi yana karewa. A daular Sakkwato kuma akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa a cikin gidan malanta da babu wanda zai zarge shi da sakacin addini.

Wanda aka fi jingina wa yaƙi da falsafa shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Gaskiya ne ya yi raddi mai zafi ga su Ibn Sina. Amma sai da ya zauna ya karance iliminsu tukuna, sannan ya ware mas'aloli 20, ya ce uku daga ciki kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai dunƙulallu, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Lissafinsu da mantiƙinsu bai taɓa su ba. Har gargaɗi ya yi cewa mai musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi. Wanda ya mayar masa da martani kuma, Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu na fiƙihu ke ji da shi.

Shakkar Dekart, masanin falsafar nan na Faransa, da ta tayar maka da hankali, ka gaya wa yaron an riga ubangidan nasa da fiye da shekara 500. Gazali ya ba da labarin yadda ya tuhumi idonsa: ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro kamar ƙwandala alhali ya fi duniya girma. Ya tuhumi hankalinsa ma, ya ce mai mafarki ai yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka. Shi kansa Dekart ba don ya rushe imani ya yi shakka ba, neman tushe mai ƙarfi yake yi, kuma a ƙarshe hujjar samuwar Allah ya kafa.

A ganina, inda haɗarin yake shi ne ƙaramin sani, wanda Bahaushe ya ce ƙuƙumi ne. Yaro ya ji rabin magana a aji, ya zo gida da ita, a daka masa tsawa a ce ya yi shiru. Daga ranar ya koyi cewa tambayarsa ba ta da amsa a gida, sai ya kai ta waya, inda masu amsawa ba su san shi ba, ba su kuma damu da shi ba. A shekarun da na yi ina koyarwa, yaran da na ga sun lalace ta wannan hanya sun fi waɗanda littafi ya lalata yawa nesa ba kusa ba. Ka zaunar da shi bayan isha, ka ce ya karanta maka abin da aka koya musu, ya fassara maka da Hausa. Wallahi rabin kumburin zai sace a wajen fassarar, don abin da mutum bai gane ba ba ya fassaruwa. Sauran rabin kuma ka haɗa shi da malamin da ya karanci tauhidi da mantiƙi, mai haƙurin sauraro. Damagaram ba ta rasa irinsu ba.

TAMBAYA: Malam, da gaske ne ku masu ilimin halayya kuna kallon fuskar mutum ku san abin da ke ransa? Ina so in koya saboda masu karɓar bashi. Daga wani mai sayar da waya, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, da na iya da ban biyo mutum huɗu bashi ba yanzu haka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ma ta iya ƙarya. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2006, an samu cewa mutane na cankar mai gaskiya da maƙaryaci daidai a kusan kashi 54 cikin 100 ne kawai, alhali mai jefa ƙwandala ma zai samu 50. Abin da kake gani a bidiyoyin waya, wai mai kawar da ido maƙaryaci ne, a ƙasar Hausa ma ya fi zama shirme, don mu yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne marar kunya. Ɗan damfara kuwa ido cikin ido zai kalle ka, har da rantsuwa. Ka sayi littafi, ka rubuta, ka sa shaida biyu.

TAMBAYA: Malam, ƙanwata ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce. Tun bayan suna ba ta barci, tana magana ita kaɗai, wani lokaci ta ce jaririn ba nata ba ne. Dangin miji sun ce iska ce, ana ta hayaƙi. Tun da ka san halayyar ɗan Adam, me za mu yi mata? Daga wata baiwar Allah, Kaduna.

AMSA: Hajiya, wannan wasiƙar na riga na amsa ta ta waya ranar da ta iso, ina maimaitawa ne a nan saboda wasu. Ni malamin aji ne, ba likita ba, ba na duba marar lafiya, ba na rubuta magani. Amma abin da kika bayyana ya yi kama da wata sananniyar rikicewar ƙwaƙwalwa da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin masu haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko. Ta gaggawa ce, kuma tana jin magani, mafi yawan masu ita suna warkewa su koma gidajensu. Zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa shi ma yana iya rikita mai jego, wannan ma likita ne zai tantance. Ku kai ta asibiti yau, ba gobe ba. A nan Kaduna kuna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ko ku fara da inda ta haihu su tura ku. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a bar ta da jaririn babu wani babba a kusa. Ba don muguwa ce ba, don ba ta cikin hayyacinta ne.

Addu'a ba ta hana asibiti, asibiti bai hana addu'a. Ku yi ta yi mata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri, da turnuƙe mai jego da jariri da hayaƙi a rufaffen ɗaki. In dangin miji sun ce zuwa asibitin ƙwaƙwalwa abin kunya ne ko ƙarancin tawakkali, a tuna musu cewa Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke faɗo wa mutum babu dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana bukatar magani. A nan gida Najeriya ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta a 1954, inda marasa lafiya ke zaune a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, bai raba su da mutanensu ba. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin irin waɗannan bayin Allah. Ki samu wanda mijin ke jin maganarsa, kawu ko limami, ku tafi tare. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu.

TAMBAYA: Malam, a taƙaice, akwai abinci a wannan karatu? Ina son sa, amma babana ya ce in nemi abin da zai riƙe ni. Daga wani ɗalibin sakandare, Azare.

AMSA: Ɗana, babanka bai yi ƙarya ba. In kuɗi kake nema da sauri, kasuwar Kwari ta fi mu. Amma ba a rasa tuwo. Mai ilimin halayya yana koyarwa, yana aikin ba da shawara ga ɗalibai a makarantu, in ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti yana aiki tare da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma ƙungiyoyin agaji da ke kula da 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas suna neman wanda ya iya aikin kuma yake jin Hausa ko Barbarci. Fannin ba tsoho ba ne a ƙasar nan, sashensa na farko a Jami'ar Nsukka aka buɗe a 1964, kuma har yanzu 'yan Arewa ba mu da yawa a ciki. Falsafa ita kaɗai ta fi wuyar sayarwa, sai dai tana gyara mutum ya shiga aikin jarida ko koyarwa ko bincike da kaifin kai. Ka nuna wa babanka wannan amsar, ku yi shawara, kada ka yi gaban kanka.

Ni dai motata ta girmi wasu ɗalibaina, kuma sai an tura take tashi in sanyi ya yi. Ladan da nake gani a nan duniya yana zuwa ne lokacin da muke zagayen duba ɗalibai a koyarwar gwaji. Bara na je wata firamare a bayan gari duba wata ɗalibata. Na zauna a baya da takardar maki, sai na ga wasu 'yan mata biyu dogaye zaune a layin gaba, sun tokare wa na bayansu, har an ɗan karkatar da bencinsu gefe. Da aka tashi na ce mata, Malama, wannan wane irin tsarin zama ne? Ta ce ranar da ta fara zuwa ta rubuta haruffa a allo, ta sa 'yan layin baya suka karanta ɗaya bayan ɗaya, waɗannan biyun suka kasa, ta kuma riga ta aika wa iyayensu. Na sunkuyar da kai ina ta gyaran takardu har ta ce, Malam, lafiya? Na ce ƙura ce.

Maki 68 na ba ta, don tsarin darasinta bai cika ba, kuma ta manta ba ta rubuta kwanan wata a allo ba.